Matakan Zaɓen Tayar Babur Don Taɓo Da Hanyar Ƙauye

Wanda ke hawan babur tsakanin Kaya, Maradun, Talata Mafara da Bakura, ƙasa iri huɗu yake takawa, wani lokaci ma a tafiya guda: kwalta, tsakuwa, yashi da laka. Babbar hanyar Gusau zuwa Sakkwato ta ratsa Mafara, amma da ka sauka daga kanta ka nufi gona ko ƙauye, zance ya canza. Kuma a nan taɓo ba na damina kaɗai ba ne. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, ruwan noman rani yakan malalo kan hanyoyin gefen kanal, ka tarar da caɓi a watan Fabrairu alhali sauran ƙasa ta bushe ƙamas.

A Amurka da Turai akwai babur mai ƙafa huɗu da aka ƙera musamman don irin wannan ƙasa, mai faffaɗan tayoyi da ake sa wa iska 'yar kaɗan. Mu nan mai ƙafa biyu ke yin wannan aikin: Boxer, Haojue, Jincheng, TVS da 'yan uwansu. Shi ke kai taki gona, shi ke ɗauko shinkafa, shi ke kai mara lafiya asibiti. Komai ƙarfin injinsa kuwa, taya ce ke taka ƙasa.

Kafin ka fara, ka tanadi takarda da biro, tsinken ashana, tocila, gejin auna iska, ruwan sabulu da 'yar hoda. Ka bi matakan nan bi da bi, kada ka tsallake.

1. Zauna ka lissafa hanyarka kafin ka nufi kasuwa.

Ɗauki hanyar da ka fi bi a mako. Raba ta kashi goma: kashi nawa ne kwalta, nawa ne tsakuwa, nawa ne yashi, nawa ne laka? Rubuta. A ƙarƙashinsa ka rubuta abin da kake ɗorawa, kai kaɗai ne, ko da fasinja, ko da buhu.

Ɗan kabu-kabun da ke yini cikin garin Mafara, sai jefi-jefi ya leƙa ƙauye, ba tayarsu ɗaya da manomin da kullum sai ya ratsa fadama ba. A nan mutane suka fi yin kuskure. Mutum zai tuna da rami guda da ya kafe a ciki bara, ya je ya sayi taya saboda wannan ramin, ya manta da doguwar kwaltar da yake bi safe da yamma.

2. Gane irin taɓon da ke hanyarka.

Duk taɓo muke ce masa, amma ba halinsa ɗaya ba. Bayan an ɗauke ruwa, je wurin da ya fi ba ka wahala. Ɗebi ƙasar ka murza ta tsakanin tafukanka.

In ta miƙe ta yi doguwa ba ta tsinke ba, laka ce mai danƙo, irin ta fadama da gonakin shinkafa. Ita ba ta cika kayar da mutum ba, riƙe shi take yi. Tana cike zanen taya har ya shafe, sannan ta ci gaba da taruwa a ƙarƙashin madigadi har ƙafar gaba ta daina juyawa.

In kuwa ka ga ƙasan da tauri amma samansa na sulɓi, musamman a jar ƙasa bayan yayyafi, wannan santsi ne. Shi ne mai kayarwa, kuma ba ya sallama.

In ta warwatse a hannunka da ƙyas-ƙyas, yashi ne. Jiƙaƙƙen yashi bai da wata matsala, ya ma fi busasshe daɗin bi. Wahalarsa sai rani, in ya bushe ya yi zurfi a cikin rafi ko kan jigawa.

Rubuta wanda ya fi yawa a hanyarka. Shi zai raba maka gardama a mataki na 5.

3. Karanta lambobin da ke jikin tsohuwar tayarka.

Wanke gefen tayar ka haska tocila. Za ka ga lamba irin 2.75-17, ko 3.00-18, ko 90/90-18. A 3.00-18, ta farko faɗin taya ce da inci, ta ƙarshe kuma girman rim. A 90/90-18, faɗin milimita 90 ne, tsayin gefen tayar kashi 90 cikin 100 na faɗin, rim kuma inci 18.

Lambar ƙarshen nan ba a ciniki a kanta. Yawancin Boxer ƙafa 17 ne, yawancin masu zubin CG 125 kuma ƙafa 18. Tayar 18 ba za ta zauna a rim 17 ba, ta 17 kuma ba za ta shiga 18 ba sai an yi mata dole an lalata bakinta. Kwafi lambar gaba daban, ta baya daban, domin sau da yawa ba ɗaya suke ba.

In babur ɗin na hannu ka saya, kada ka amince da tayar da ke jiki. Wataƙila mai shi na farko ya canza girma. Duba littafin babur, ko takardar da ake mannawa kusa da sarƙa, ko ka dubi sabo irinsa a wurin dillali.

4. Auna sararin da ke tsakanin taya da jikin babur.

Kafa babur a kan dabal-sitan. Zura yatsunka tsakanin tayar gaba da madigadi. In yatsa biyu ba su shiga a sake ba, laka mai danƙo za ta toshe wurin. Duba baya ma: tsakanin taya da sarƙa, da marfin sarƙa, da shokozoba.

Taya mai manyan haƙora ta fi mai ƙaramin zane tsayi da faɗi ko da lambarsu ɗaya. In wurin ya yi matsi, sa makanike ya ɗaga maka madigadin gaba kaɗan. Kada ka cire shi gaba ɗaya. Taɓon zai koma kan injin da fuskarka, kuma a wasu baburan ƙarfen madigadi yana taimakawa wajen riƙe ƙafafun gaba.

5. Zaɓi zanen taya.

A nan za ka ɗan daɗe. Zane iri uku za ka tarar a shago.

Na farko shi ne na kwalta: roba shimfiɗe, da siraran layuka. Tana da laushin tafiya, tana daɗewa, ba ta shan mai. A laka kuwa, taku kaɗan layukan sun cike, sai ka ji injin na kuka ƙafa na juyawa a wuri ɗaya.

Na biyu shi ne matsakaici: haƙora masu faɗi, kusa da juna a tsakiya, a buɗe ta gefe. Tsakiyar ke ɗaukar kwalta, gefen ke cizon ƙasa.

Na uku shi ne mai dogayen haƙora da wagegen fili a tsakaninsu, irin na baburan tsere a daji. A cikin laka babu kamarsa. A kan kwalta kuwa yana gurnani, yana girgiza hannu, yana cinyewa da wuri, kuma in an yi ruwa birki ba ya kamawa da kyau saboda robar da ke taɓa titi kaɗan ce. In ka ga an rubuta NHS a jikinta, masu ƙera ta sun faɗa maka ke nan cewa ba ta kan titi ba ce.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: ba tsawon haƙori ke fitar da kai daga laka ba, filin da ke tsakanin haƙoran ne. In filin na da faɗi, yayin da ƙafa ke juyawa tana watsar da lakar, haƙori ya sake fitowa ya ciji ƙasa. In filin matsattse ne, komai zurfinsa zai cike ya zauna. Saboda haka ka gwada da ɗan yatsanka. In ƙaramin yatsa ya kwanta tsakanin haƙori da haƙori, za ta iya da laka. In tsinken ashana kaɗai ke shiga, ta kwalta ce aka yi wa ado. Dubi kuma ko ramukan sun fita har gefen taya. Ramin da bai da mafita, ruwa da taɓo yake tarawa.

Yanzu koma kan takardarka. In kwalta ta kai kashi bakwai cikin goma, ɗauki matsakaici mai haƙora kusa-kusa. In rabi da rabi ne, ɗauki matsakaici mai buɗaɗɗen fili. Sai in laka da yashi sun kai kashi bakwai ne za ka yi tunanin mai dogayen haƙora. A ganina, mutum takwas cikin goma a wannan yanki matsakaici ne nasu, kuma wanda ya sayi na uku don burgewa zai dawo shago kafin kaka.

In hanyarka ta fi yawan tsakuwa da duwatsu, kamar wasu wurare a gefen Maradun, ka guji dogon siririn haƙori. Dutse na fizge shi. Gajere mai kauri ya fi.

6. Kada ka ƙara faɗin taya don kwalliya.

Samari na son faffaɗar taya a baya, wai ta fi riƙe ƙasa. A busasshen yashi akwai gaskiya, domin faɗi na hana nutsewa. A taɓon da ke da tauri a ƙasansa kuwa, siririya ce ke yanka saman ta kai ga taurin ta kama, mai faɗi sai ta riƙa yawo a kan sulɓi. Ga shi in ka matsa babbar taya a siririn rim, bayanta na yin tsini, wurin da ke taka ƙasa ya ragu maimakon ya ƙaru. Tsaya a girman da kamfani ya sa. In dole ne, mataki ɗaya kawai, kamar daga 2.75 zuwa 3.00, bayan ka tabbatar akwai sarari.

7. Raba aikin gaba da na baya.

Ta baya turawa take yi, don haka tana son haƙora da suka gitta a kwance. Ta gaba jagora ce, tana son haƙoran gefe da za su hana ta zamewa in ka karya kwana. Duba ko an rubuta FRONT, wato gaba, ko REAR, wato baya.

In kuɗinka na taya ɗaya ne, kada ka yi saurin cewa ta baya. Dubi ta gaba tukuna. Baya in ya zame, sau da yawa ana iya tarowa. Gaba in ya zame, sai dai ka ji ka a ƙasa. Kada ka ɗaura sabuwa mai haƙora a baya ka bar suɗaɗɗiya a gaba: bayan zai tura ka da ƙarfi zuwa inda gaban ba zai iya riƙewa ba.

8. Duba ƙarfin ɗaukar kaya.

Bayan lambar girma za ka ga wata lamba da harafi, kamar 47P ko 52L. Lambar ita ce nauyin da tayar za ta iya ɗauka: 47 na nufin kilo 175, 52 kilo 200, 56 kilo 224. Harafin kuma iyakar gudu ne, L kilomita 120 a awa, P kilomita 150. Gudun ba shi ne damuwarka ba. Nauyin ne.

Yi lissafi. Babur kansa ya haura kilo 100. Ƙara nauyinka, ƙara buhun masara mai kilo 100. Mafi yawan wannan nauyin a kan ƙafar baya yake. Da ka ɗora buhu na biyu, ka wuce abin da ƙaramar taya za ta ɗauka.

Sai ka nemi 4PR, 6PR ko 8PR. Wannan ma'aunin ƙarfin jikin taya ne. Ga mai ɗaukar kaya a hanyar ƙauye, kada ta baya ta gaza 6PR. Ta fi jure ƙayar bagaruwa da ta aduwa, da kututturen kara bayan girbi. Mai 8PR ta fi ƙarfi amma ta fi tauri, za ka ji kowane dutse a ƙugunka in ba kaya. A gaba 4PR ko 6PR ta isa.

Wannan matakin ba na wasa ba ne. Ka san halin da hanyoyinmu ke ciki. Ba mai son faci ya tsayar da shi a daji bayan la'asar.

9. Tabbatar ko mai tub ce ko marar tub.

Za ka ga an rubuta TUBE TYPE ko TT ga mai tub, TUBELESS ko TL ga marar tub. In ƙafarka mai wayoyi ce, tub za ka sa, domin iska na fita ta ramukan wayoyin. In rim ɗin na zubi ne, duba ko an yi shi don marar tub.

Marar tub in ƙusa ta shiga, iska a hankali take fita, kana iya kaiwa gari. Amma in rim ya lotsa a kan dutse, ba za ta ƙara riƙe iska ba. Mai tub nan take take sacewa, sai dai kowane mai faci a kowane ƙauye ya iya ta. Ga wanda ke nisa da gari, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

10. Duba shekarun taya.

Nemi inda aka rubuta DOT, ka bi layin har ƙarshe. Akwai lambobi huɗu, yawanci a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 1824 na nufin mako na 18 a 2024. In biyun farko sun wuce 53, ko ka ga alamar an kankare wurin, mayar wa mai shago da abarsa.

Roba na tsufa ko ba a hau ta ba, balle a zafin Maris da Afrilu na ƙasar nan. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sha faɗakarwa cewa wa'adin taya shekara 4 ne daga ranar da aka ƙera ta. Nemi wadda ba ta wuce shekara ɗaya ko biyu a ajiye ba. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi baya a Ikeja a 2008, kusan duk tayar da ke kasuwarmu daga waje take, daga Indiya, Sin, Tailan ko Indonesiya. Ta yi wata da watanni a jirgi da sito kafin ta iso Gusau ko Sakkwato, balle Mafara.

11. Taɓa tayar da hannunka kafin ka biya.

Kada ka aiki yaro. Je da kanka, da rana, ranar kasuwar Talata in kana son zaɓi da yawa. Ka ce a buɗe ledar.

Danna farce a kan haƙori. Roba mai kyau na lotsawa kaɗan ta dawo. Wadda ta ƙeƙashe ba ta motsi, kuma irinta ce ke sulɓi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Matsa gefen tayar ka duba ko ƙananan tsaga za su buɗe. Zura hannu ciki ka shafa zagaye, kada ka ji kumburi, ko zare a waje, ko faci. Dubi bakin da ke kama rim, ya zama a miƙe ba lanƙwasa. Ɗauki biyu masu lamba ɗaya ka jinjina. Wadda ta yi sakayau ƙwarai, an rage mata roba.

Sunaye irin su MRF, CEAT, Kenda, CST da Vee Rubber sanannu ne, amma sanannen suna shi aka fi kwaikwayo. Karanta harafi-harafi. Rubutun taya ta gaskiya a fito yake tsaf, na jabu kuwa a dagule. Tambayi 'yan kabu-kabun da ke bin irin hanyarka wace ce ta kai musu damina biyu. Sun fi mai shago gaskiya a kan wannan.

Tayar tokumbo kuwa, ka bar ta. Tana cikin kayan da Hukumar Kwastam ta hana shigowa da su, kuma akwai masu sake yanka wa suɗaɗɗiya zane da wuƙa mai zafi, su shafa mata baƙi. Za ka gane ta da kaushin bakin ramukan. Araha ba ta ado.

Sayi sabon tub mai lamba daidai da tayar. Tsohon tub ya riga ya miƙe, zai naɗe a cikin sabuwar taya ya fashe a wurin naɗin.

12. Tsaya a kan mai faci yayin ɗaurawa.

Kada ka bar masa ka tafi shan shayi. Da ya cire tsohuwar, ka ce ya goge tsatsar cikin rim. Duba robar da ke rufe kawunan wayoyi. In ta yage a canza ta, in ba haka ba kan waya zai huda sabon tub ɗinka daga ciki.

Nemi kibiyar da ke gefen taya. Dole ta nuna inda ƙafa ke juyawa in babur na gaba. Wasu tayoyin kibiya biyu gare su, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, sai a bi wadda ta dace. Tayar taɓo da aka ɗaura a juye tana tara laka maimakon ta watsar. In akwai ɗigon rawaya a gefen tayar, a daidaita shi da bawul.

A shafa wa tub hoda, a ɗan hura masa iska har ya yi siffa kafin a sa shi. A jiƙa bakin taya da ruwan sabulu. Ban da baƙin mai, ban da fetur, suna cin roba kuma suna sa taya ta zame a kan rim. Ka sa ido a kan liba, ita ce ke tsunkule tub.

Bayan an sa iska, dubi siririn layin da ya zagaye tayar kusa da rim. Tazararsa da rim ta zama ɗaya ko'ina, gefe da gefe. In ya nutse a wani wuri, a sace iskar a sake. Notin bawul kuma kada a ɗaure shi tam a jikin rim, a bar shi sama kusa da marfi. Za ka ga amfanin haka nan gaba.

In ƙafar baya aka cire, a daidaita ta da alamomin da ke gefe biyu, a bar wa sarƙa wasa kamar santimita 2 zuwa 3, a sake saita birki. Juya ƙafar da hannu ka saurara ko tana gugar wani abu.

13. Sa iska da geji, ba da yatsa ba.

Taya mai kyau da iska marar kyau, asarar kuɗi ce. Bugun taya da sifana a saurari ƙara ba awo ba ne. Ga yawancin ƙananan baburanmu, gaba na son psi 25 ko kusa da haka, baya 28 in kai kaɗai ne, 32 in da fasinja ko kaya. In littafin baburinka ya faɗi wata lamba, bi tasa. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta ɗauka ce, ba ita ake sawa kullum ba. Auna da safe kafin ka hau, domin zafi na ɗaga awon.

Yawancin mutane cika iska suke yi har taya ta yi ƙiƙam, wai don kaya. Irin wannan tayar a kan santsi ƙwallo ce kawai, ba ta kama komai.

In za ka shiga doguwar laka ko yashi kuma ba kaya, rage psi 4 ko 5. Tayar za ta ɗan baje, haƙora da yawa su taka ƙasa, kuma lanƙwasawar da take yi na taimaka mata tofar da laka. Kada ka sauka ƙasa da 20. In iska ta yi ƙasa sosai, dutse zai matse tub a jikin rim ya yi masa huda biyu, ko tayar ta zame a kan rim ta tsinke bawul daga gindinsa, wanda ba ya faci. Ga amfanin notin da ka bari a sake: in ka ga bawul ya karkata, tayar ta fara zamewa, ka gyara tun bai tsinke ba.

In da buhu a baya, kada ka rage komai. Kuma da ka fito daga lakar, mayar da iskar kafin ka hau kwalta. Taya mai ƙarancin iska a kan titi tana zafi, tana cin mai, tana iya fashewa. Ƙaramin famfon keke ya isa wannan aikin, ɗaure shi a ƙarƙashin kariya.

14. Gwada ta a hankali.

Sabuwar taya na da sulɓi a samanta. Kilomita 100 na farko ka bi a sannu, ban da kwantar da babur a kwana, ban da birkin gaggawa. In daga tayar kwalta ka koma mai haƙora, za ka ji kan babur ya canza. Ba lalacewa ba ce, ka ba hannunka kwana biyu ya saba.

Sannan nemi gajeren taɓo kusa da gida. Shiga da giya ta biyu, totur daidai ba ƙari ba ragi, idonka a inda za ka fita, hannunka nesa da birkin gaba. Da ka fita, ɗan ƙara gaba kaɗan ka tsaya ka duba. In haƙoran sun fito fili, zaɓinka ya yi. In laka ta cike su ta zauna, zanen ya yi maka matsi, ka riƙe wannan don saye na gaba. Leƙa ƙarƙashin madigadi ma.

15. In Keke Napep ne ko mai ƙafa uku na ɗaukar kaya.

Keke Napep tayarsa 4.00-8 ce, ƙarama, cikinsa kuma kusa da ƙasa. Babu haƙorin da zai fitar da shi daga laka mai zurfi, kada ka ɓata kuɗinka. Mai ɗaukar kaya yawanci 4.50-12 ne ko 5.00-12, shi ya cancanci zane mai buɗewa da 8PR. A duka biyun, tayoyin baya su zama iri ɗaya, tsufa ɗaya, iska ɗaya. In ɗaya ta suɗe, ita za ta riƙa juyawa a banza mai kyan tana tsaye.

16. Kula da ita, ka san ranar sauke ta.

Ran da ka saya, tsoma tsinken ashana a ramin tsakiya, ka yi alama da biro inda ya tsaya, ka ajiye tsinken. Duk wata ka sake gwadawa. Da zurfin ya koma rabi, tayar ta gama aikin laka ko da tana da sauran rai a kwalta. Akwai 'yar alamar kusurwa uku ko TWI a gefe. Bi ta zuwa cikin rami za ka ga ɗan tudu. In zane ya yi daidai da tudun nan, ta ƙare gaba ɗaya.

Wanke laka ranar da ka shige ta. In ta bushe tana ɓoye ƙaya, tana sa rim da wayoyi tsatsa. Ciro tsakuwar da ta maƙale a ramuka. Auna iska sau ɗaya a mako.

In kana da hali, yi taya biyu ta baya: mai haƙora daga Yuni zuwa Oktoba, ta kwalta ko matsakaiciya sauran shekara. Wadda ka sauke, wanke ta, ta bushe, ka jingine ta a ɗaki mai inuwa, nesa da fetur da janareta. Kada ka jefa ta kan rufin kwano. Mai noman rani a Bakolori kuwa, ya bar matsakaiciya mai buɗaɗɗen fili a jiki shekara duka.

Lokacin saye shi ne Mayu, kafin ruwa ya zauna. In ka bari sai malka ta kama a Agusta, masu kyan sun ƙare a shago, abin da ya rage shi za ka ɗauka a kuɗin da aka ga dama.